Yadda Ake Haɗa Salsar Mangwaro da Abarba a Lokacin Bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke dukan ƙasa tun da hantsi, mangwaro kuma ya cika kasuwa har ana kasa shi a bakin titi, abinci mai maiƙo yakan gundiri mutum. Miya mai nauyi ba ta shiga, baki sai neman abu mai sanyi da ɗan tsami yake yi. A irin wannan lokaci nake yawan haɗa salsa, kuma ita zan koya miki, uwargida, tun daga zaɓen kaya a kasuwa har ajiyar abin da ya rage.

Salsa ta mutanen Meziko ce. A can, wadda ake yi ɗanya ba a ɗora ta a wuta: tumatir ne da albasa da ɗanyen barkono da ganyen koriyanda, a yayyanka ƙanana, a matsa lemun tsami, a sa gishiri, a ci da nama ko kifi ko wainar masararsu. A yankin Yukatan suna yin tasu da barkonon habanero, ɗan'uwan attaruhunmu na kusa. Ta kayan marmari wannan tsarin ta bi, sai dai mangwaro ko abarba sun karɓi gurbin tumatir, ko sun raba wuri da shi.

Ki riƙe abu ɗaya tun yanzu: salsa mahaɗin abinci ce, aikinta irin na tumatir da albasar da mai tsire ke yanka miki a gefen takarda. Ba a zuba mata madara, ba a cika ta da sukari. Zaƙi da tsami da gishiri da yaji ake so su haɗu a cokali guda, kowace ƙwaya kuma ta tsaya da kanta ba tare da ta narke cikin ruwa ba. Duk matakan da ke ƙasa wannan suke karewa.

Kayan aiki

Wuƙa mai kaifi ita ce kan gaba. Dakusasshiyar wuƙa murƙushe mangwaro take yi, ruwansa ya tsiyaye a kan katako tun kafin ya kai kwano. In taki ta dakushe, ki wasa ta kafin ki fara. Sai katakon yanka mai tsabta, wanda ba a yanka ɗanyen nama ko kaza a kansa ba. Ki tanadi kwano mai faɗi na tangaran ko gilashi ko roba mai kyau. Kada ki yi amfani da kwanon alminiyam ko tukunyar dalma, domin tsamin lemo yana cin su, salsar ta ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Za ki kuma buƙaci kwandon tace taliya, ƙaramin kofi na matsa lemo, babban cokali, da mazubi mai murfi in za ki ajiye.

Blanda ba ta da aiki a nan, haka turmi. Ki bar su inda suke.

Kayan haɗi, na mutum 4 zuwa 6

Mangwaro manya 2, nunannu amma masu ƙarfi
Kwatan abarba matsakaiciya
Rabin jar albasa matsakaiciya
Jan tattasai 1
Rabin kokwamba
Rabin attaruhu, ko ƙasa da haka
Lemun tsami 3 ko 4, gwargwadon abin da zai ba da ruwa babban cokali 3
Gishiri rabin ƙaramin cokali
Yankakken ganyen koriyanda babban cokali 3, ko na'ana'a babban cokali 1
Zuma ƙaramin cokali 1, sai in buƙata ta taso

In kina son ƙa'idar da za ki haddace ki daina duba takarda: kofi 3 na kayan marmari, kofi 1 na kayan lambu masu ƙaras-ƙaras, sai lemo da gishiri da yaji a bi su da ɗanɗano.

Mataki na 1: Zaɓen kaya

Rabin aikin a kasuwa yake ƙarewa, don haka zan daɗe a nan.

Mangwaron sha daban, mangwaron salsa daban. Ƙananan nan masu zare, waɗanda ake tsotsa har ruwa na bin gwiwar hannu, suna da zaƙi sosai amma ba sa yankuwa. Da kin sa wuƙa sai zare da ruwa. Ki nemi manyan nan na aure masu tsoka da ƙaramin ƙwallo, irin su Juli da Fita. A Kano, kasuwar 'Yan Lemo ba a rasa su a lokacinsu, kuma ko mai tebur na unguwa in kika ce masa mai tsoka marar zare kike so, ya san abin da zai miƙo miki. Ki danna da babban yatsa a hankali. In ya ɗan lotsa kaɗan, ya yi. In yatsa ya nutse, ya wuce, ki bar shi na sha. In kuma ya yi tauri gaba ɗaya, ki kawo shi gida ki ajiye kwana biyu ko uku, domin mangwaro yana ci gaba da nuna bayan an tsinke shi. Kada launin bawo ya ruɗe ki: akwai irin da yake nuna yana kore shar. Ki shinshina wajen gindin, ƙamshin can ya fi launi gaskiya.

Akwai abin da ya kamata ki yi hattara da shi. Wasu 'yan kasuwa suna nunar da mangwaro da ayaba da sinadarin kabayid, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa saboda illarsa ga lafiya. Irin wannan mangwaron yakan yi ruwan ɗorawa sumul a waje, amma ba ƙamshi, in an yanka kuma ciki da tauri da tsami. Wani lokaci har za ki ga burbushin farin gari a jikinsa. Ki wuce shi ko da ya fi araha.

Abarba tata ta bambanta: ba ta ƙara zaƙi bayan an yanke ta daga gona, laushi kawai take yi. Abin da kika saya shi za ki ci. Ki ɗaga ta ki ji nauyi, ki shinshina ƙasanta. Ƙamshi mai zaƙi alama ce mai kyau; warin tsami kamar abin da ya fara ruɓa yana nufin ta kwana biyu. In mai sayarwa yana yankawa, ki nemi ɗanɗano, amma ki sayi wadda ba a fere ba, ki fere da hannunki a gida.

Albasa ja ta fi dacewa, irin wadda ake nomawa a Aliero da sauran garuruwan Kebbi da Sakkwato. Lemun tsami ki zaɓi mai santsin bawo da nauyi a hannu. Wanda ya bushe ya yi tauri ba ruwa a cikinsa. Tattasai da kokwamba su zama masu ƙarfi, ba waɗanda suka yi yaushi ba.

Mataki na 2: Wanki

Tunda wuta ba za ta taɓa wannan abincin ba, wanki shi ne kariyarki. Ki fara da hannunki da sabulu. Sannan ki wanke komai da ruwan da kika yarda ki sha, har da mangwaro da abarba da lemo waɗanda za ki fere. Mutane da yawa suna tsallake wannan suna cewa ai bawon zubarwa za a yi, alhali wuƙar da ta ratsa bawo ita ke kai dattin cikin tsoka. Ganye ki tsoma shi a kwano cike da ruwa, ki girgiza, ki tsame, ki sake ruwa har sai kin daina ganin ƙasa a gindin kwanon. Jiƙa kayan lambu a ruwan gishiri ko ruwan kal na 'yan mintuna yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin wanki da ruwa mai tsabta. Haka lemun tsamin da za ki matsa daga baya ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta, kada ki dogara da shi.

Bayan wanki ki tsane komai da tsumma mai tsabta, musamman ganye. Jiƙaƙƙen ganye yana manne wa wuƙa, ya yi baƙi, ya kuma ƙara wa salsar ruwan da ba ta buƙata.

In akwai firji, ki sa mangwaro da abarba su yi sanyi awa ɗaya kafin yanka. Sun fi yankuwa da kyau, salsar kuma ta fito da sanyinta.

Mataki na 3: Albasa da attaruhu su riga kowa

Ki yanka albasa ƙanana sosai, ƙasa da girman da za ki yi wa mangwaro. Ki zuba a kwanon haɗin, ki matsa rabin lemun tsaminki a kai, ki barbaɗa gishirin, ki juya ki ajiye gefe. Kafin ki gama sauran yanke-yanke, minti 10 zuwa 15, tsamin ya karya zafin albasar, launinta ya koma ruwan hoda mai kyau. Wasu suna jiƙa ta a ruwan sanyi ne su tace. Hakan ma yana yi, amma na fi son hanyar lemo, domin ɗanɗanon yana zama a kwano maimakon ya bi ruwa.

Yadda ake matsa lemon ma akwai dabara. Ki murza shi a kan katako da tafin hannu kafin ki raba, ruwan zai fi fita. Ki matsa a kofi ki cire 'ya'yan. Kada ki matse har bawo ya fashe, ɗacinsa zai shiga.

Yanzu attaruhu. Yawancin girke-girken salsa na ƙasashen waje da barkonon halafenyo ake rubuta su, kuma a nan ne mai koyo take faɗawa rami: ta ga an ce barkono biyu, sai ta sa attaruhu biyu. A ma'aunin zafin barkono da Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, halafenyo yana tsakanin 2,500 da 8,000, dangin attaruhu kuwa suna kaiwa 100,000 zuwa 350,000. Kin ga tazarar ba kaɗan ba ce. Saboda haka rabin attaruhu ya wadatar da wannan kwanon, in akwai yara ma kwata. Ki tsaga shi, ki kankare farin jijiyar nan ta ciki tare da 'ya'yan, domin a jijiyar mafi yawan zafin yake. Abin da ya rage shi ne tsokar mai ƙamshi, kuma ƙamshin attaruhu yana tafiya da mangwaro fiye da kowane barkono da na sani. Ki yanka shi siriri har ya kusa zama gari, don kada wani ya ci karo da gutsure guda a cokalinsa. Ki zuba kan albasar.

Ki sa leda a hannu in kina da saurin jin zafi, kuma kada ki taɓa ido. In hannu ya ɗauki raɗaɗi, ruwa kaɗai ba ya wanke shi, domin sinadarin zafin a mai yake narkewa. Ki shafa man gyaɗa, sannan ki wanke da sabulu. Ki wanke wuƙa da katakon kafin ki ci gaba.

In babu attaruhu, ɗanyen shambo zai yi, ko ɗan garin barkono a bakin cokali. In gidan ba a cin yaji sam, ki kankare ɗanyar citta kaɗan. Tana ba da ɗumin da ake nema ba tare da raɗaɗi ba.

Mataki na 4: Yankan mangwaro

Ƙwallon mangwaro faffaɗa ne, a tsaye yake a tsakiya. Ki tsayar da mangwaron a kan katako, ki sa wuƙa ɗan nesa kaɗan da tsakiya, ki zarce ƙasa. In kin ji ta ci karo da ƙwallo, ki ɗan matsa waje. Ki yi haka a ɗaya gefen, kin sami kumatu biyu. Ki ɗauki ɗaya, ki ja layuka a tsokar a tsaye da a kwance ba tare da kin huda bawo ba, sannan ki tura bawon daga baya, ƙwayoyin su miƙe, ki sheme su da wuƙa ko cokali. Tsokar da ta rage a gefen ƙwallo ki fere ki yanka ita ma. Wadda ta manne da ƙwallon kada ki matse ta cikin kwano, ruwa ce zalla. Ki ba yaro ya tsotse.

Girman da ake so shi ne na ƙwayar gyaɗa, wajen santimita ɗaya ko ƙasa kaɗan. Dalili shi ne cokali guda ya ɗauko mangwaro da abarba da albasa da ganye a tare. In yankan ya yi manya, kowa abu ɗaya zai riƙa tauna a lokaci guda, haɗin ya tashi a banza. In ya yi ƙanana ainun kuma, ya dagargaje wajen juyawa.

Wasu mutane ƙaron bawon mangwaro yana sa musu ƙaiƙayi a hannu ko leɓe. In kina cikinsu, ki sa wani ya fere miki.

Mataki na 5: Abarba, tattasai da kokwamba

Ki datse kan abarba da gindinta, ki tsayar da ita, ki fere daga sama zuwa ƙasa, ki ƙwaƙule idanun da suka rage. Ki raba huɗu a tsaye, ki cire itacen tsakiya mai tauri, ki yanka kwata ɗaya daidai girman mangwaron. Ki zuba yankakkiyar abarbar a kwandon tacewa, ki sa kofi a ƙasa, ta tsane minti 5. Ruwan da ya taru ki shanye abinki.

Tattasai ki cire 'ya'ya da jijiya ki yanka ƙanana. Kokwamba ki raba ta biyu a tsaye, ki sa ƙaramin cokali ki kwashe tsakiyar mai 'ya'ya, ki yanka tsokar kawai. Tsakiyar nan ita ce ke mayar da salsa ruwa tsululu cikin rabin awa. In kina son ƙara tumatir, shi ma haka za ki yi masa: mai tsoka, a cire ruwa da 'ya'ya.

In kina da garwashi a kusa, ga wani abu da ya cancanci wahalarsa. Ki yanka abarbar fala-fala, ki ɗora a kan waya minti 2 ko 3 kowane gefe har ta yi zanen ƙuna, ta huce, sannan ki yanka ƙanana. Zaƙinta yana ƙaruwa, ta ɗauki ƙamshin hayaƙi, kuma ta daina cizon harshe.

Mataki na 6: Ganye

Ganyen koriyanda shi ne na asali, ana samunsa wajen masu kayan lambu a manyan kasuwanni da kantunan zamani. Ki yanka shi a ƙarshe, da ganyen da sirarin kararen, wuƙa ta bi ta kansa sau ɗaya ko biyu kawai. Akwai mutanen da a bakinsu ɗanɗanon sabulu yake yi, kuma halittarsu ce haka, ba tsirfa ba ce. In akwai irinsu a gidan, ko ba ki samu ba, na'ana'a ta fi komai dacewa da mangwaro, sai dai ƙarfinta ya fi, shi ya sa babban cokali ɗaya ya isa. Ɗoɗɗoya kaɗan ma tana yi. In duk babu, ki yanka lawashi.

Mataki na 7: Haɗawa da ɗanɗanawa

Ki zuba mangwaro, abarba, tattasai, kokwamba da ganye a kan albasar nan da ke jira. Ki ƙara ragowar ruwan lemo. Ki sa babban cokali ta ƙasa ki ɗago sama, a hankali, sau biyar ko shida. Ba tuƙi ake yi ba.

Ki rufe, ki bar ta minti 15 zuwa 20 a wuri mai sanyi, sannan ki ɗanɗana. Kada ki yanke hukunci kafin wannan hutun, domin gishiri bai gama ratsawa ba, attaruhu ma bai gama sakin zafinsa ba. Wadda ta ɗanɗana nan take ta ƙara yaji, bayan rabin awa sai ta tarar abin ya fi ƙarfin kowa.

Ki ɗanɗana da abin da za a ci ta da shi, ba da cokali kawai ba. In kifin ko naman yana da gishiri sosai, salsar ba ta buƙatar ƙari.

Ga yadda ake gyara. In kin ji salam, kamar akwai abin da ya ɓace amma ba ki san ko mene ne ba, kusan kullum gishiri ne. Ki ƙara ɗan kaɗan tsakanin yatsu biyu, ki juya, ki sake ji. In zaƙi ya danne komai, lemo za ki ƙara. In tsami ya yi yawa, ko mangwaron bai nuna sosai ba, nan ne zuma take shigowa, ƙaramin cokali ɗaya. Ki tuna ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma. In yaji ya yi yawa, kada ki zuba ruwa. Ki yanko ƙarin mangwaro ko kokwamba, ko ki sa fiya, maiƙonta yana kwantar da zafi. In ruwa ya taru a ƙasan kwano, ki karkata ki tsiyaye shi a kofi, ki zuba a kan shinkafa ko kifi, kada ki zubar.

Idan lemun tsami ya yi wuya, ki jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi kaɗan, ki tace mai kauri, ki sa babban cokali 2. Launin zai ɗan yi duhu amma ɗanɗanon yana da daɗi ƙwarai. Wata hanyar ita ce ki yanka kwatan ɗanyen mangwaro ƙanana ki haɗa da nunannun. Ruwan kal shi ne zaɓi na ƙarshe, kuma rabin adadin lemo za ki sa.

Mataki na 8: Abin da ake ci da ita

Gasasshen kifi ne babban abokinta, karfasa ko tarwaɗa, a zuba ta a kai bayan an sauke daga wuta. Tana tafiya da gasasshiyar kaza, da balangu, da tsire. A kan soyayyar awara kuwa, ni dai ban ga abin da ya kama ƙafarta ba: awara tana da maiƙo ba ta da tsami, salsa ta kawo mata abin da ta rasa. Cokali biyu a gefen shinkafa da wake ko dafa-duka yana sauya farantin gaba ɗaya. In azumi ya faɗo a bazara, ki gwada ta a shan ruwa kusa da ƙosai ko soyayyar doya.

Gargaɗi game da ɗanyar abarba: tana da wani sinadari mai narkar da nama. In kika zuba salsar a kan kifi ko kaza kika bari sa'o'i, tsokar za ta yi laɓo-laɓo. Haka in ta zauna da nono ko yogot, sai su yi ɗaci. Don haka a haɗa su a faranti lokacin ci. Gwanda ma tana da irin wannan halin.

Don ciye-ciyen yamma ana buƙatar abin ɗiba mai ƙaras-ƙaras. Mutanen Meziko da soyayyun gutsattsarin wainar masararsu suke ɗiba. Masarar tasu ana dafa ta da farar ƙasa ta girki kafin a niƙa, shi ya sa ƙullun yake kama jikinsa. Garin masararmu na tuwo ba zai ba ki wannan ba, kada ki ɓata lokacinki. Mafi sauƙi shi ne burodin shawarma. Ki yanka shi kusurwa uku-uku, ki shafa mai kaɗan, ki barbaɗa gishiri, ki gasa a oven mai zafin digiri 180 na minti 8 zuwa 10, kina leƙawa, domin yana saurin ƙonewa. In babu oven, ki gasa a busasshen kasko a wuta kaɗan kina juyawa. Gurasa da aka yanka siriri aka gasa ta bushe ita ma tana yi, haka ɗanyar agada da aka yanka fala-fala aka soya. Ki bari su huce sarai kafin ki kawo, a lokacin ne suke yin ƙaras.

In babu mangwaro

Bayan lokacinsa ya wuce, tsarin yana nan, kayan ne ke sauyawa. Abarba kaɗai tana tsayawa da kanta. Gwanda mai ƙarfi tana yi, amma ba ta da tsami ko kaɗan, sai kin ƙara lemo. Gwaba ki cire tsakiyar mai 'ya'ya. Kankana tana da daɗi da na'ana'a da kokwamba, sai dai ita ruwa ce kusan gaba ɗayanta: ki cire 'ya'ya, ki bar ta a kwando minti 15, kuma kada gishiri ya taɓa ta sai za a kai gaban masu ci. Fiya da tuffa suna yin baƙi in an yanka, don haka su shiga a ƙarshe, lemo ya rufe su nan da nan. Ayaba kuwa ki bar ta, tana dagargajewa ta ɓata kwanon.

Akwai wata iri da Amurkawa ke yi wa yara, ta zaƙi zalla, babu albasa babu yaji: sitiroberi da tuffa da kiwi, da ɗan lemo da zuma, a ci da gasasshen burodin nan da aka barbaɗa wa sukari da garin kirfa maimakon gishiri. Wanda ke kusa da Jos, inda ake noman sitiroberi, zai same shi da sauƙi. A wani wurin mangwaro da tuffa sun wadatar.

Mai ciwon sukari a gidan, ki juya masa ma'aunin: kokwamba da tumatir da tattasai su fi yawa, mangwaro ya zama kaɗan, zuma kuma babu.

Ajiya

Salsa ta fi daɗi cikin sa'o'i biyu na farko. In baƙi za ki yi kina son rage aiki, ki yanka komai tun da wuri, ki ajiye kowanne a mazubinsa cikin firji, ki bar haɗawa da gishiri da ganye sai saura minti 20 a ci. Gishiri janyo ruwa yake yi daga jikin kayan marmari, kuma ba ya dainawa muddin suna tare.

Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce yankakken abu irin wannan kada ya wuce awa 2 a waje, in zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa 1. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafi yakan wuce digiri 40, don haka awa ɗaya ce taki. In za a daɗe a zaune, ki ɗora kwanon a cikin wani babba mai ƙanƙara, ko ki riƙa fito da ita kaɗan-kaɗan daga kula.

Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ki yi daidai cin lokaci ɗaya. Kayan da ba a yanka ba su ne za ki adana, kuma a nan dabarar tukunya cikin tukunya tana da amfani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a karkarar Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Tana tsawaita kwanan tumatir da tattasai da mangwaro, amma sanyinta bai kai na firji ba, kada ki kwanar da haɗaɗɗiyar salsa a ciki.

A firji mai aiki, cikin mazubi mai murfi, za ta kai kwana 2. Washegari ki tsiyaye ruwan da ya taru, ki ƙara 'yan ɗigon lemo da sabon ganye. Kada ki sa ta a firiza, in ta narke ba abin da zai rage sai ruwa da laushi. Wadda ta kwana ta yi laushi amma lafiyarta ƙalau, ki juye ta a kasko da cokalin mai, ki dafa minti 5 zuwa 7 har ta yi kauri, ki zuba a kan soyayyar kaza. Wadda kuwa ta fara kumfa, ko yauƙi, ko warin tsami irin na abin da ya fara lalacewa, ki zubar ba tare da kin ɗanɗana ba.